Saye Daban, Riƙo Daban: Waiwaye Kan Kayan Hawa da Takalmin Zamiya

A Jabo da sauran garuruwan ƙasar Tambuwal da Kebbe, ƙanƙara sai wadda ake sarowa cikin buhu lokacin azumi, ko wadda ta zubo da ruwan farkon damina ta narke kafin yara su gama tsinta. Wanda ya kawo zancen takalmin zamiya a kan ƙanƙara a wannan yanki, za a ce ya rasa abin faɗa ne. Amma idan aka ɗauki takalmin aka duba abin da aka gina shi da shi tun asali, abu biyu za a tarar: fata mai tauri da ta rungume idon sawu, da ƙarfe mai kaifi da aka ɗaure a ƙarƙashinta. Fata da ƙarfe kuwa babu mai koya wa kudancin Sakkwato su. Da su aka yi sirdi da linzami da likkafa da kurufa, kayan da mahayi ke ɗora ransa a kansu idan ya saki doki, shi kuma ɗan wasan ƙanƙara yana ɗora nasa ran a kan wuƙar da kaurinta bai wuce milimita 4 ba. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, cikin shekara ɗari da 'yan kai kaya sun ƙaru a hannunmu, amma ilimin zaɓensu da riƙonsu ya ragu. Kuskure ne kuma a ɗora wa zamani laifin wannan, tunda ga wasu can da suka fi mu nitsewa cikin zamani, har gobe ba su saki wannan ilimi ba.

Tilas ce ta fara koya wa mutanen wannan yanki sanin kayan hawa, kafin sha'awa ta biyo baya. Bayan jihadin 1804, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya bi tsarin kafa garuruwan ribaɗi don tsare iyaka, ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu kuma ya zauna a Tambuwal. Daga 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabawa a Argungu, hari da ramuwar hari suka yi ta kai-kawo a yammacin Sakkwato har zuwan Turawa, in ban da 'yan shekarun sulhu. A irin wannan zama, mahayin da baujinsa ya tsinke a fagen fama ba ya dawowa gida ya kai ƙarar baduku. Shi ya sa sana'o'in da ke bayan doki suka kai inda suka kai. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya shiga kasuwar Sakkwato a 1853, ya rubuta cewa linzaman garin sun yi suna a ƙasashen nan, kuma ƙarfen da ake sayarwa a can ya fi na Kano kyau. Ta ɓangaren fata kuwa, jar akuyar Sakkwato da 'yar'uwarta ta Maraɗi su ne suka ba da kirgin da fatake suka riƙa ƙetare Sahara da shi, har Turai ta san shi da sunan Maroko, ƙasar da yake bi ta cikinta. Kafin fatar ta isa hannun baduku sai majemi ya jiƙa ta a ruwan toka, ya kankare gashin, ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwar da aka daka har ta sha, ya shafe ta da mai, ya yi ta ja yana murzawa har ta yi laushi, sannan a rina ta ja da karan dafi. Mai saye ya san waɗannan matakai ko da ba sana'arsa ba ce, don haka yana iya lanƙwasa fata ya shinshina, ya ce wannan jimar ba ta nuna ba.

Yadda ake zaɓe a wancan lokaci shi ne abin lura. Sirdi aikin mutum uku ne ko huɗu: masassaƙi ya fitar da itacen, baduku ya lulluɓe shi ya ɗinke, maƙeri ya ƙera likkafa da linzami, mai ɗinki ya yi jalala. Dukansu suna garin ko suna zuwa cin kasuwarsa, kuma sun san mahayin, sau da yawa sun san dokin ma. Doki mai faɗin baya da siririn doki ba sa ɗaukar sirdi ɗaya, kuma idan itacen ya zauna a kan ƙashin baya maimakon naman gefe, kwana kaɗan miki zai fito, dokin ya yi wata guda a turke. Tsawon igiyar likkafa da tsawon ƙafar mahayi ake auna shi. Kurufa kuwa sai baduku ya ga ƙafar da idonsa, domin zuwa da kai ya fi aike. Bayan saye sai riƙo, wanda ba shi da ranar hutu. Idan an sauko daga kilisa ana kwance bauji, a ɗauke sirdi, a baza shimfiɗar da ta sha gumi a inuwa ta sha iska. Ba a ajiye sirdi a ƙasa saboda gara, ba a barinsa inda ɓera zai kai ga fatar da ta ji mai. Da hunturu, lokacin da iska ke busar da fata har ta tsage, ana bin igiyoyi da man shanu ko man kaɗe. Da damina kuma ana fito da su don kada su yi hunhuna. Linzami ana wanke masa yawun doki, likkafa ana goge ta da toka ko yashi kafin tsatsa ta kama. A fada akwai Shamaki da 'yan barga da wannan ne aikinsu, kuma kafin hawan salla sai an bi kowane ɗinki an ja shi an ga ƙarfinsa.

Wannan tsari bai rushe rana ɗaya ba. Faɗuwar Sakkwato a hannun Turawa a watan Maris na 1903 ta raba doki da yaƙi, ya koma abin rangadi da hawan salla, irin wanda hakimai kamar Sarkin Burmin Jabo ke fitowa da jama'arsu. Daga baya keke ya karɓi tafiyar kusa, mota ta karɓi ta nesa a kan titin Sakkwato zuwa Jega da ya ratsa Tambuwal, babur kuma ya zo ya haɗa duka. Da doki ya zama abin kallo, sai ido ya koma kan abin da ke walƙiya, ƙarfin ɗinki ya zama abin da ba a tambaya. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, masana'antun fata da takalma na Kano suka yi ta ja da baya, kasuwa ta cika da roba mai kama da fata da dilolin gwanjo da ke shigowa ta Kwatano da iyakar Nijar. Yau saurayi na iya hayar doki da kayansa na yini ɗaya don hawan angwanci, bai san wanda ya ɗinka baujin ba, bai kuma san ranar da aka yi masa duban ƙarshe ba. A cikin waɗannan diloli ne takalmin taya ya iso, wanda ake ganin samari suna tsere da shi a titunan Kano da Kaduna da Abuja, wasunsu har da kama bayan mota. Abin da ya shiga birni kuwa ba ya daɗewa bai isa garuruwa irin su Jabo da Dogon Daji ba. Canjin da ya fi kowane girma a nan shi ne an yanke igiyar da ta haɗa mai yin kaya da mai amfani da su. Wanda ya yi takalmin yana wata nahiya, wanda ya fara sa shi ya yar, ɗan kasuwar da ya kwance dila bai taɓa hawansa ba, yaron da ya saya kuma launi ya gani.

A nan ne labarin masu wasan ƙanƙara ke da amfani a gare mu, domin su ma kayansu sun bi ta hannun masana'anta. Mutanen arewacin Turai sun fara zamiya ne shekaru dubbai da suka wuce da ƙashin doki ko na sa da suke ɗaurawa a ƙafa. Mutanen Holan suka mayar da shi katako mai bakin ƙarfe. A shekarun 1860 wani Ba'amurke, Jackson Haines, ya kafe ƙarfen a jikin takalmin maimakon ɗaure shi da igiya, abin da ya ba shi damar juyi da tsalle irin na masu rawa, daga nan salon wasan na yau ya samo tushe. An kafa ƙungiyar wasan ta duniya a 1892, wasan kuma ya shiga gasar Olamfik a Landan a 1908. Yau kamfanoni ne ke yin kayan: Riedell a Amurka, Edea a Italiya, wuƙaƙen John Wilson kuma a Sheffield ta Ingila, garin da ya yi suna da ƙira. Duk da haka, ɗan wasan da ya san abin da yake yi ba ya shiga kanti ya nuna wanda ya burge shi. Takalmin daban ake sayensa, wuƙar daban. Akwai gwanin awo da zai auna tsawon ƙafa da faɗinta, ya tambayi nauyin ɗan wasan da irin tsallen da ya kai, domin mai sauka daga tsalle yana dira ne a ƙafa ɗaya da ƙarfin da ya ninka nauyin jikinsa sau da yawa. Takalmin da ya yi laushi zai karye a idon sawu ya bar ƙafa ba mariƙi. Wanda ya yi tauri fiye da ƙarfin mai shi kuma zai hana shi lanƙwasa gwiwa ya jawo masa ciwo, don haka saya wa ɗan koyo takalmin zakaru kamar ɗora wa maraƙi karkiyar bijimi ne. Ba a yarda a sayi babba don yaro ya girma a ciki ba, domin diddigen da ke ɗagawa cikin takalmi shi ke kayar da mutum. Idan an zo kafa wuƙar, ƙusoshi kaɗan ake fara ɗaurawa, ɗan wasa ya shiga fili ya gwada, a matsa ta ciki ko waje gwargwadon tsayuwar ƙafarsa, sai ta zauna sannan a ƙarasa sauran.

Riƙon ma haka yake, kuma duk wanda ya taɓa zama a barga zai gane shi. Ƙasan wuƙar ba a shafe yake ba, an rarake tsakiyarsa ya yi ɗan kwari, ya bar kaifi biyu, na ciki da na waje, kuma duk juyin da ake gani a talabijin a kan ɗaya daga cikinsu ake yinsa. Idan kwarin ya yi zurfi wuƙa tana kama ƙanƙara sosai amma gudu ya ragu. Idan bai yi zurfi ba gudu ya ƙaru amma riƙo ya ragu. Bayan awa 20 zuwa 40 na wasa sai an kai ta washi, kuma mai washin da bai ƙware ba yana iya cinye lanƙwasar wuƙa mai tsada a zama ɗaya, shi ya sa 'yan wasa ke riƙe mai washi ɗaya shekara da shekaru, wasu har su yi tafiya mai nisa dominsa. Da an fito daga fili ana sa wa wuƙar kube mai tauri don kada siminti ya dakushe ta. Da an cire takalmin ana goge wuƙa da ƙasansa da tsumma har su bushe, a sa mata rigar tawul mai tsotse danshi. Wanda ya bar ta ta kwana cikin kuben roba, tsatsa zai tarar. Ana sassauta igiya, a jawo harshen takalmin waje ya sha iska, nesa da wuta da zafin mota. Ana bin ƙusoshi lokaci lokaci a ɗaure wanda ya yi sako-sako. Wanda ya raina ƙaramin abu a nan yana biya da tsada. A gasar Olamfik ta 2010 a Vancouver ta Kanada, igiyar takalmin Nobunari Oda na Japan ta tsinke yana tsakiyar wasa, dole ya tsaya ya gyara, aka rage masa maki, ya ƙare a na bakwai. Igiyar ta riga ta nuna alama tun kafin ya shiga fili, ya ƙulla ta maimakon ya sake sabuwa, don kada ɗaurin da ƙafarsa ta saba da shi ya canza. Shirin shekara huɗu ya tafi a kan abin da ya fi komai araha a jikinsa.

Mai karatu na iya cewa wannan duk zancen masu ƙanƙara ne da masu kuɗi, me ya haɗa shi da yaron da ke gwada takalmin taya a bakin tasha? Abin da ya haɗa su ya fi yadda ake zato. Takalmin da tayoyinsa ke jere a layi ɗaya, 'yan wasan ƙanƙara ne suka yaɗa shi: wasu 'yan'uwa, Scott da Brennan Olson na jihar Minnesota, su suka gyara shi a wajajen 1980 don su riƙa atisaye lokacin da babu ƙanƙara, daga nan kamfanin Rollerblade ya fito. Dokar awo ɗaya ce, diddige ya zauna daram, yatsu su taɓa gaba ba tare da sun takure ba, wuyan takalmin ya riƙe idon sawu. Abin da ya bambanta shi ne abokin gaba. Su danshi da tsatsa suke yaƙa, mu kuwa ƙura da rana. Kowace taya tana da boris biyu, kuma ƙurar hunturu idan ta shiga ta haɗu da mai sai ta zama abin da ke cin ƙarfen daga ciki. Maganinsa a kwance noti, a fitar da boris, a wanke da kananzir, a bari ya bushe sarai, a ɗiga masa man keken ɗinki kaɗan. Taya tana cinyewa ta gefen ciki fiye da na waje, don haka ana juya ta ana sauya mata wuri da 'yan'uwanta kafin ta zama kaifi ɗaya. Robar jikin takalmin kuwa idan ta saba kwana a rana, a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40, takan bushe ta tsage ba sallama. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin yaron da ya iya kwance tayar keke.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta talauci. Za a ce zaɓe na mai hali ne, wanda bai da shi abin da ya samu shi yake ɗauka. Akwai gaskiya a ciki, domin babu mai kawo gwanin awo kasuwar ƙauye, kuma kuɗin sabon takalmi na kirki ya fi abin da gidaje da yawa ke ci a wata. Amma idan aka bi hujjar har ƙarshenta, sai ta juyo ta goyi bayan abin da nake faɗa. Mai kuɗi ne ke iya yin kuskure ya sake saye. Wanda ya tara kuɗinsa daga ƙwadagon gona ba shi da wannan dama, don haka shi ya fi kowa bukatar ya iya dubawa. Ko a ƙasashen ƙanƙara 'yan koyo da yawa da na hannu suke farawa, sai dai sun san abin da ake nema: ko wuyan ya karye, ko ƙasan ya ruɓe, ko wuƙar ta sha washi har ta ƙare. A gaban dila ma haka ya kamata. A matsa jikin takalmin a ga ko akwai tsaga kusa da mahaɗin idon sawu, a juya kowace taya a saurara ko tana ƙara, a hango layin tayoyin a ga ko ya miƙe, a duba birki da maɗauri, a sa ƙafa biyu a miƙe tsaye. Robar da ta daɗe a ajiye tana iya yin kyau a ido alhali ta mutu, a matsa ta da farce a gani. Idan babu daidai ƙafa, haƙuri zuwa wata kasuwar ya fi cusa tsumma a gaba. Sannan a lissafa hular kwano da abin kare gwiwa da wuyan hannu cikin kuɗin tun farko, domin wuyan hannu ne ya fi karyewa a wannan wasa, kuma kuɗin ɗori ya fi nasu. Kayan riƙon kansu kuwa tsumma ne da inuwa da ɗigon mai. Araha ba ta ado, amma ba talauci ne ke hana mutum goge abinsa ba.

Akwai kuma masu cewa irin wannan waiwaye begen jiya ne kawai, kuma jiyan ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Wannan ma dole a karɓi rabinsa. Linzamin gargajiya mai zobe yana da tsanani, ya fasa bakin dawakai da yawa a hannun mahayan da ba su da tausayi. Ƙaimi ya zubar da jini, kuma mikin baya bai taɓa ƙarewa a barga ba. Kayan hawa masu kyau na sarakuna ne da attajirai, waɗanda ke shafa musu mai kuma sau da yawa bayi ne da barori. Talaka da yawa ƙafarsa a ƙasa take, takalmin roba mai araha kuwa ya raba miliyoyin mutane da ƙaya da kunama da faso. Ba na kira a koma can. Su ma masu ƙanƙara ba su tsaya a kan fatar kakanninsu ba, takalman zakaru da yawa yanzu da kayan masana'anta marasa nauyi ake yinsu, har akan ɗumama su a ɗan murhun lantarki don su bi siffar ƙafa. Sun sauya abin da ake yin kayan da shi, suka riƙe awo da dubawa da gwanin da ake komawa wurinsa. Mu kuwa da muka sauya kayan sai muka haɗa da waɗannan muka zubar. Kuma ilimin da nake magana a kansa bai tsaya a fada ba. Manomin Kebbe da ke zaɓen ƙotar kalme daidai tsawonsa, ya kai ruwanta maƙera kafin ruwan shuka ya sauka, da masuncin da ke shanya komarsa ya ɗinke inda ta yage, duk ɗabi'a ɗaya ce. Ita ce ke raguwa a hannun 'ya'yansu idan suka koma ga kayan da ba su san asalinsu ba.

Hujja ta ƙarshe ita ce kayan yanzu ba don gyara aka yi su ba, kuma baduku da maƙeri ba su san kansu ba. Gaskiya ne akwai takalman wasan yara da aka narka su dunƙule guda, ba a kwance su, kuma sanin wannan ma yana cikin ilimin zaɓe: abin da ba shi da noti, ba shi da gobe. Amma takalmin kirki, ko na hannu ne, kusan komai nasa ana sauyawa. Boris ɗinsa mai lamba 608 ne, irin wanda ake samu a wurin masu kayan injuna, tayoyi da birki da igiya duk ana cire su. Batun cewa masu sana'armu ba za su iya ba kuwa, kasuwa ta riga ta ƙaryata shi. Wayar hannu ta yaɗu a Najeriya ne daga 2001, amma yau a kasuwar Farm Centre ta Kano samari na kwance wayar da aka ƙera a Sin su ɗinke ta, kuma da wuya a sami garin da babu mai gyaran babur ɗin Indiya. Samarin da ke yawo da akwatin gyaran takalmi a Legas da Ibadan, da yawansu daga ƙasar Sakkwato da Zamfara da Nijar suka fito. Dukawan Madunka da maƙeran Assada a cikin Sakkwato suna nan da basilla da uwar maƙera. Hannu bai mutu ba, abin da ya ragu shi ne mai kawo aiki, da mai sayen da zai biya ɗinki mai ƙarfi maimakon ado mai walƙiya. Ko da UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024, abin da 'yan kallo ke gani rabin labarin ne. Sauran rabin yana rumfar wanda ya ɗinka baujin, kuma idan ya rufe rumfar babu takardar yabo da za ta riƙe sirdi a bayan doki.

Saboda haka hukuncina shi ne ba zamani ya raba mu da wannan ilimi ba, mu muka daina koyar da shi, muka ɗauka cewa biyan kuɗi shi ne ƙarshen hidimar kaya alhali shi ne farkonta. Gyaran kuma bai bukatar kasafin gwamnati. Uban da zai saya wa ɗansa takalmin taya, ko na ƙwallo, ko keke, ya tafi da yaron a gwada a ƙafarsa, ya kuma sa masa sharaɗin gogewa da ajiyewa a inuwa kafin ya sake fita da shi. Malamin motsa jiki a makaranta ya ware darasi ɗaya a zango don kwance kaya da haɗa su. Masu ba da hayar dawaki su duba bauji da igiyar likkafa a gaban mai haya, shi ma ya nemi a nuna masa. Masu riƙe da sarauta a Jabo da Tambuwal da Kebbe, idan za su yi sabon kayan hawa, su fara da dukawan ƙasarsu, su kuma tura yara zama a rumfunansu tun tsofaffin na da ƙarfin nunawa. Samari masu takalmin taya kuma su bar kama bayan mota, su nemi filin da babu ababen hawa, kuma kada wani ya ɗaura takalmi a ƙafarsa sai ya juya kowace taya ya taɓa kowane noti.